Karatun Da Za A Yi Ko Ba Ni

Gonar Haugen, arewacin Montana
5 ga Satumba, 1993

Yaya Greta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa ƙauyenku lafiya, kuma ɗan jirgin saman nan da kike cewa kamar gwangwani bai juya miki ciki ba. Yaya gwiwar? Kina shafa maganin, ko kin jefa shi ƙasan akwati kamar bara? Mu nan lafiya lau. An gama girbin alkama ranar Talata, kwana biyu kafin ƙanƙara ta sauko ta kwantar da gonar maƙwabtanmu. Maigidana Wendell ya ƙone da rana ya rame kamar sandar shinge. Ni ma gajiya ta ɗan taɓa ni, amma ba wani abu ba ne.

Yanzu ki zauna kafin ki ci gaba. Ban mai da yara makaranta ba. Na je ofishin ilimi na gunduma na cike takarda, zan koyar da su a gida.

Na san abin da malama mai shekara ashirin da biyu a aji za ta ce, amma ki ji ni tukuna. Emmett zai cika goma a Nuwamba, har yau bai iya karanta layi ɗaya ba tare da ya yi gumi ba. Ranar rufe makaranta aka sa kowane yaro ya miƙe ya karanta 'yar takarda a gaban iyaye. Da aka zo kansa ya tsaya, leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Sai wani yaro daga baya ya ce, "Ko a kife ka riƙe ta ne?" Aka kwashe da dariya, har da manya. A mota muna dawowa bai yi kuka ba. Mun wuce gadar nan ta katako sai ya ce, "Mama, su nasu haruffan a zaune suke? Ni nawa yawo suke yi." A nan na tsayar da mota na yi masa alkawarin ba zai sake tsayawa a gaban kowa ba sai ya iya.

Nola kuwa karatunta da sauƙi, lissafi ne ya zame mata dodo. Shekara bakwai, amma in kin ba ta ƙwai biyar kika ƙara biyu, sai ta koma ta fara daga ɗaya, ta ƙare a shida, wani lokaci takwas. Ta cinye gindin fensir huɗu a zango ɗaya.

Littattafan talla bakwai ne a kan teburin kicin, kowanne na rantsuwa manhajarsa ce maganin yaro mai wahalar karatu. Akwai wadda raina ya fi so, ta littattafan labari zalla, uwa ta zauna ta karanta wa yara su kuma su bi a hankali. Akwai ta littattafan aiki da yaro zai riƙa cikewa shi kaɗai. Akwai wata mai ƙaton akwati wadda aka rubuta wa mai koyarwa duk abin da zai faɗa, kalma bayan kalma, har da inda zai yi shiru. Wata kuma kaset-kaset ne ake sa wa yaro.

Ke kika san waɗannan abubuwa. Abin da nake so ki duba mini shi ne wadda za a iya koyarwa ko ba ni. Na yanko shafukan na sa miki a ciki.

Yara na gaishe ki. Nola ta ce ki aiko mata da hoton kare mai jan keke a kan ƙanƙara.

Ƙanwarki,
Lorna


Makarantar ƙauye, bakin Kogin Yukon, Alaska
27 ga Satumba, 1993

Auta,

Na sami wasiƙarki, na yi murna da jin an gama girbi lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Yarana goma sha huɗu ne bana, daga mai shekara shida zuwa mai sha uku, duk a ɗaki ɗaya, kuma rabinsu har yanzu warin hayaƙin kifi suke yi daga sansanin kamun kifi na rani. An riga an fara dusar ƙanƙara.

Abin da aka yi wa Emmett ya ɓata mini rai ƙwarai. Da ajina ne, da wannan yaron mai baki ya share ɗaki har Kirsimeti. Ban ga laifinki ba da kika cire su.

Amma, Lorna, akwai layi ɗaya a wasiƙarki da na karanta sau uku. Wadda za a iya koyarwa ko ba ke? To, wa zai koyar, kyanwa? Kin raba yara da makaranta, sati bai cika ba kin fara neman ƙofar fita. Haka kika yi da kwaleji, haka kika yi da keken ɗinkin Mama. Wannan karon ba ƙyalle ba ne da za a naɗe a tura bayan kabad. Yaro irin Emmett ba a ajiye shi a gaban rikoda a tafi shanya. Littafin cike-gurbi kuwa zai koya masa zato ne kawai, ya riƙa kallon hoto yana ƙirƙiro kalma.

Abin da yake bukata shi ne a koma tushe: sautin harafi ɗaya, ya ji shi, ya faɗe shi, ya zana shi da yatsa a faranti mai gari, har ya zauna, sannan na gaba. Minti ashirin da safe, ashirin da yamma, kullum, da mutum a gefensa. Ita Nola ki ɗauke mata fensir gaba ɗaya na wata biyu. Ki ba ta wake, maɓallai, ƙwai. Hannu ne zai koya wa kai. A cikin waɗanda kika aiko, mai akwatin ce ta fi kusa da haka, amma ita ma ba ta aiki sai da uwa a kujera.

Kada kuma ki ɗora wa yaron laifi, ko ki ɗora wa kanki. Ba lalaci ba ne. Abin nan a gida ya gaje shi, jini ne.

Ki gai da Wendell. Ga hoton karnukan Nola.

Yayarki,
Greta


Gonar Haugen
14 ga Oktoba, 1993

Yaya Greta,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Hoto ya iso, an gode.

Kin san a gidan nan ni nake karanta wasiƙu da ƙarfi a teburin abincin rana, tun da aka ɗaura mana aure haka muke yi, kin kuma san dalili. Ban duba taki ba kafin in fara. Maganar kwaleji da keken ɗinki na haɗiye su, na saba. Amma da na kai inda kika ce a gida ya gaje shi, Wendell ya ajiye cokalinsa a hankali, ya ɗauki hularsa ya fita. Miyarsa ta huce a wurin. Emmett ya ce, "Me na gada, Mama?" Na ce masa dogon hanci.

Wendell ɗin nan yana da shekara goma sha huɗu ya bar aji ya hau tarakta saboda mahaifinsa ya karye. Zai iya kwance injin motar girbi ya mayar ido a rufe. Bai taɓa ɓoye wa kowa cewa takarda na ba shi wahala ba, amma ba sai an aiko masa da shi daga Alaska ba.

Kin ce wa zai koyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na nemi shawara, na sami hukunci. Na yi odar mai akwatin. Ba sai kin ƙara wahalar da kanki ba.

Lorna


Bakin Kogin Yukon
21 ga Nuwamba, 1993

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gai da yara, ina kuma gai da Wendell in zai amsa. Wasiƙarki ta goma sha huɗu ga Oktoba sai jiya ta zo hannuna. Hazo ya rufe mu, jirgin wasiƙa ya yi sati uku bai sauka ba, da ya zo kuma ya bar buhunmu a wani ƙauye. Wato kin yi sama da wata kina zaton na ji na yi banza da ke.

Wallahi, Lorna, ko kusa ban yi tunanin Wendell ba lokacin da na rubuta wannan layin. Baba nake nufi. Babanmu.

Ke ba ki sani ba domin kina ƙarama, kuma ya roƙe ni kada in faɗa. Kin tuna yadda kullum tabaransa ke ɓacewa in takarda ta zo? Kin tuna a coci yana riƙe littafin waƙoƙi amma idonsa na kan taga? Ya haddace su ne. Tun ina shekara tara ni nake karanta masa takardun kamfanin hatsi a cikin rumbu, ya rufe ƙofa, in karanta, ya sa in maimaita, sannan ya shiga gida ya faɗa wa Mama kamar shi ya karanta. Ita ma ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba har ta mutu. Wata rana na same shi da littafina na aji ɗaya, yana bin layi da wannan ƙaton yatsan nasa. Da ya gan ni ya ce, "Greta, b da d ɗin nan, wanda ya ƙirƙiro su ba ya tsoron Allah." Ya yi dariya, amma kunnensa ya yi ja. Abin da ya sa na zama malama ke nan, in kina son sani.

Da kika rubuto abin da Emmett ya ce, haruffansa na yawo, muryar Baba na ji. Na so in ce miki jikan mutumin kirki ne, ya ɗauko abin kakansa. Na rubuta shi a gajarce kamar mai cike rahoto, ya zama mari. Ki karanta wa Wendell wannan, don Allah, ki ce ina neman gafararsa.

Maganar kwaleji ma bai kamata in tono ba. Amma a kan ɗaya ban janye ba: yaran nan ke suke bukata, ba akwati ba. Yaya ake ciki? Harafi nawa ya zauna?

Greta


Bakin Kogin Yukon
9 ga Janairu, 1994

Auta,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan sanyi bai yi muku yawa ba. Nan rana awa huɗu take yi ta koma.

Ban ji daga gare ki ba. Na aiko da busasshen kifi da safar hannu na fata tun farkon Disamba, ban sani ba ko sun iso. Ranar Kirsimeti na buga waya daga ofishin makaranta, ba wanda ya ɗauka. Na sake bugawa ranar Laraba, Wendell ya ɗauka ya ce kina hutawa. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Lorna? Ke da ba ki iya zama ki gama kofi? Na ce ya tashe ki, sai ya ce, "Za ta rubuto miki, Yaya Greta. Ita ya kamata ta faɗa."

In fushi ne, ki zage ni a takarda, na fi son haka. Mu biyu muka rage.

Greta


Gonar Haugen
2 ga Fabrairu, 1994

Yaya,

Kaya sun iso. Safar ta yi wa Emmett daidai, Nola kuwa da tata take kwana. Na karanta wa Wendell labarin Baba. Da na gama ya ce, "Shi ya sa tsohon ya so ni." Ya ce ba komai tsakaninku. Ni kuwa na yi kuka, don shekara nawa ina nemo wa Baba tabaransa a ƙarƙashin kujera.

Ba fushi ba ne. Na fara wannan wasiƙar sau biyar.

Ina da ciwon daji. A ƙwan haihuwa ya fara, kafin a gano ya riga ya taɓa hanta. An faɗa mini ranar goma sha tara ga Agusta, ana tsakiyar girbi, ni kaɗai na tuƙa kaina zuwa asibiti a birnin Great Falls na dawo na dafa wa masu aiki abinci. An yi mini aiki a Oktoba, kwana shida bayan wasiƙar nan mai zafi da na aiko miki. Tun daga nan kowane sati uku ake ɗura mini magani ta jijiya. Kirsimeti a asibiti muka yi ta. A watan jiya likita ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta daina maganar warkewa ta koma maganar watanni.

Alkawarin da na yi wa Emmett a watan Yuni na yi shi. Ciwon a Agusta na sani. Kin ga inda na tsaya. Da na ce wadda za a iya koyarwa ko ba ni, abin da nake nufi ke nan, ba ƙari ba ragi. Na so ki gane ba tare da na faɗa ba, da ba ki gane ba kuma na ji haushinki. Wautar auta ce, ki yafe. Na ji tsoron in na rubuta shi zai zama gaskiya.

Kada ki ce a mai da su makaranta, na yi wannan tunanin har ya ishe ni. Malamar da ke taimaka wa irin su Emmett sau biyu a wata take zuwa can. Kuma yaron da zai rasa uwa, ba na so ya rasa ta tare da alkawarinta.

Mun fara da akwatin, yadda kika ce, da farantin gari da wake. Sautuka goma sha ɗaya sun zauna. Nola ta gano cewa in tana da biyar a hannu ba sai ta sake ƙirga su ba, ta zo da gudu ta faɗa mini kamar ta tsinci zinariya.

Matsalar ita ce ranakun da ba na iya tashi. Wendell ya ce zai karɓa. Ranar Litinin na ji su daga ɗaki. Littafin malami rubutunsa ƙanana ne, shafi cike. Ya fara, "Ka ce wa... ɗali... ɗalibi..." ya tsaya, ya koma, ya sake tsayawa. Nola ta leƙa ta ce, "Baba, wannan ba a karantawa, abin da za ka yi ne." Ya ce, "To, Malama, zo ki zauna a nan." Suka yi dariya. Can sai na ji Emmett ya ce a hankali, "Baba, kai ma naka yawo suke yi?" Wendell ya ce, "Nawa ba sa yawo, ɗana. Tsayawa suke yi su ƙi magana, kamar alfadari." Bayan sun tashi na fito na same shi zaune shi kaɗai, littafin a rufe, hannuwansa biyu a kai.

Na zaɓi akwatin ne don an rubuta komai. Ban yi tunanin cewa sai an karanta abin da aka rubuta ba. Yanzu ki faɗa mini, Yaya, a matsayinki na malama: me zan bar masa?

Lorna


Bakin Kogin Yukon
17 ga Fabrairu, 1994

Lorna, ƙanwata,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Yaya jikin? Kina iya cin abinci? Bayan mun yi magana a waya ranar Asabar na kasa faɗin rabin abin da ke raina, shugaban makaranta na tsaye yana jiran tebur ɗinsa. Na fita na bi bakin kogi har ƙafata ta daina ji.

Na ɗauko wasiƙarki ta Satumba. Layin yana nan a fili, ko yaron aji uku zai gane. Shekara ashirin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane su karanta abin da ke kan takarda ba abin da ke kansu ba, ni kuma na karanta ki da tsohon ido. Na kira ki mai gudun aiki kina ɗauke da wannan ciwo a ciki. Ba na neman ki ce ba komai.

Kin hana ni tahowa yanzu, kin ce yara goma sha huɗu ba su da kowa sai ni. Na nemi a kawo mai riƙe mini ajin, an ce babu wanda zai zo nan a tsakiyar hunturu. Za a rufe ranar ashirin ga Mayu, washegari ina cikin jirgi. Ki jira ni. Wannan umarni ne daga babba.

Ga amsar tambayarki. Kada ki sayi wata manhajar, duk ɗaya suke a wajen Wendell. Ki riƙe akwatin, amma littafin malami ki mai da shi murya. Ki sa rikoda a gefen gado, duk ranar da kika ji ƙarfi ki karanta darasi ɗaya a kaset, yadda za ki faɗa wa Emmett in yana gabanki. Ki bar shiru a inda zai amsa. Na san ni na ce ba a ajiye yaro a gaban rikoda. Har yanzu haka na ce. Wendell zai zauna a gefensa, shi ne mutumin da ke kujera. Aikinsa ya danna, ya tsayar, ya riƙe farantin gari, ya ce madalla. Wannan ba ya bukatar karatu, haƙuri yake bukata, kuma mutumin da ya aure ki yana da shi.

Na Nola ni zan yi. Ina yanka kwali ina zana mata darussan da hoto, ɗigo-ɗigo da layi, ba rubutu. Ga ashirin na farko. Manyan 'yan ajina ne suka taya ni shafa launi, sun ce a gai da yarinyar wake.

Yayarki da ba ta iya karatu ba,
Greta


Gonar Haugen
11 ga Afrilu, 1994

Yaya,

Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake. Jiki da sauƙi wasu ranakun. An daina ɗura maganin, don haka abinci ya dawo da ɗanɗanonsa, na sha miyar dankali kwano guda jiya. Matan coci sun raba kwanaki a tsakaninsu, kicin ya cika da tukwanen da ban san masu su ba.

Shawararki ta yi. Kowane darasi sai na yi shi sau biyu ko uku, don tari na katse ni, wani lokacin kuma zakara ya shiga. Na bar zakaran a darasi na sha bakwai, Emmett na son wurin. Da safe bayan an ba shanu ciyawa su uku suke zama. Ina jin muryata daga kicin tana cewa "sake faɗa," ni kuma ina nan ina kallon silin. Abin da ban mamaki, kamar na riga na tafi na dawo ziyara.

Ranar Alhamis Emmett ya shigo da gudu da takalmansa na taɓo har kan gado, yana jan buhun abincin kaji. Ya nuna rubutun jiki ya karanta mini kalma uku, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taya shi. Na ce, "Wa ya faɗa maka?" Ya ce, "Ba kowa. Tsayawa suka yi." Wendell na bakin ƙofa yana ta murza hularsa. Shi ma, in gaya miki, na kama shi yana zana harafi a farantin gari da yara suka fita.

Dusar ƙanƙara ta narke a kudancin rumbu. Ina so in kai shukar bazara. Ki zo mini da kifin nan mai zaƙi, ba mai gishiri ba.

Auta


Gonar Haugen
29 ga Mayu, 1994

Yaya Greta,

Ina gaishe ki. Wendell ne. Da hannuna. Ki yi haƙuri da kuskure, kwana uku ina rubutawa.

Muna lafiya. Yara na cin abinci. Na ji a rediyo ruwan kogi bai janye daga filin jirginku ba. Kada ki zargi kanki. Ƙanƙarar kogi ta fashe lokacin da ta ga dama. Lorna ta sani. Ranar takwas ga wata na faɗa mata ruwa ya rufe ku. Ta ce, "Yaya Greta za ta yi wa kogin nan faɗa." Ta yi murmushi. Washegari da hantsi ta tafi. Ina riƙe da hannunta. Ba ta sha wahala sosai a ƙarshe ba.

An binne ta kusa da Mama da Baba. Mutane sun zo da yawa. Nola ta sa safar da kika aiko, ko da yake ana zafi. Ban hana ta ba.

Fasto da matarsa sun ce in mai da yara makaranta a Satumba. Sun ce namiji ɗaya da gona ba zai iya ba. Wataƙila gaskiyarsu. Na ce sai kin zo.

Nola ta gama kwalayenki duka. Tana haɗa takwas da biyar ba wake. Tana so ki kawo wasu.

Ga abin da ya sa na rubuto, ban iya faɗa a waya ba. Lorna ta yi kaset arba'in da ɗaya. Darussan littafin tamanin ne. Mun kai na arba'in tun sati biyu da suka wuce. Kullum da safe Emmett sai ya ce bai iya ba, a sake. Na mayar, mu sake. Ya yi tuntuɓe a kalmar da ya sani. Ya ce, "Ka gani, Baba, ban iya ba tukuna."

Ya iya. Shekaranjiya na ji shi a bayan ɗakin kaji yana karanta wa Nola shafin gaba ɗaya. Bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Kaset na ƙarshe yana cikin aljihun tebur. Ba wanda ya taɓa ji, ni ma ban ji ba. Jiya na ɗauko shi na ajiye kusa da rikoda. Emmett ya kalle shi. Ya ce, "In mun ji wannan, sai me?" Na mayar da shi aljihu. Muka sake na arba'in.

Ke malama ce. Ki faɗa mini in kin zo, ko ki rubuto in ruwan ya daɗe. Kwana nawa ya halatta yaro ya zauna a darasi ɗaya?

Zan zo in ɗauke ki a Great Falls ko wace rana ce.

Ƙaninki,
Wendell